Sahu na Huɗu

Wasa goma sha ɗaya a jere Otso Vehmanen bai zura ko ɗaya a raga ba. A garin Hietakoski kuwa, inda in ka cire masana'antar takarda babu abin da ya haɗa kan mutane kamar wasan hokin ƙanƙara, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Matar da ke karɓar kuɗi a kanti ta san adadin. Direban bas ya sani. Har faston cocinsu, da suka haɗu a gidan mai, sai da ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Zai zo, Otso, ka ƙara haƙuri," kamar wanda ya je dubiya asibiti.

Shekararsa ashirin da tara, gefen hagu yake bugawa a sahun farko na 'yan gaba uku, bara kuma sau ashirin da shida ya ci. Cikin ashirin da shidan nan, goma sha tara daga sandar Rasmus Kelloniemi suka fito. Rasmus shi ne ɗan tsakiya na sahun, shi ne kyaftin, kuma tun suna 'yan shekara bakwai suke tare, shinge ɗaya ya raba gidajen iyayensu. A kan tafkin bayan unguwa suka koyi tsayuwa da takalmin ƙanƙara, tare suka yi aikin soja, ranar da aka raɗa wa 'yar Otso suna a coci Rasmus ne ya riƙe ta. A fili ba sa kiran juna. Rasmus kan shiga da faifai, 'yar baƙar robar da ake bugawa da sanda, ya ja masu tsaron baya biyu zuwa dama, ya sake shi ta baya ko waige babu, don ya san Otso na nan. Otso kuma yana nan. Shekara tara suna cin mutane da wannan dabara, kowa a gasar ya san ta, an rasa mai hana ta.

Bana ma faifan yana zuwa yadda ya saba. Fitarsa ce ta lalace. A farkon Oktoba wani ƙaton mai tsaron baya ya matse Otso da katangar gefe, hannunsa na dama ya lanƙwashe a ƙarƙashin sanda. Bai karye ba, bai ma kumbura sosai ba. Sai dai duk sanda ya zo fizgar sanda ya harba, wani abu kamar allura kan soke shi a wuyan hannu, harbin ya fita a makare, ba ƙarfi, mai tsaron raga ya cafke kamar an miƙa masa. Kwantiraginsa zai ƙare da ƙarshen kakar wasa, shi ya sa bai doshi likitan ƙungiya ba. Ko matarsa Henriikka bai gaya wa ba. Mutum ɗaya ne ya sani. Wata Lahadi suna zaune a sauna, ɗakin wankan tururi, a bukkar Rasmus ta bakin tafki, ya miƙa masa hannun ya ce, "Taɓa nan."

Rasmus ya danna. Otso ya cije leɓe.

"Tun yaushe?"

"Sati uku. Kada ka gaya wa kowa."

"Haba, kai ma dai. Wa zan gaya wa?" Rasmus ya watsa ruwa a kan duwatsu, tururi ya turnuƙe su. "Ka dinga zuwa wurin da ka saba. Zan ajiye maka shi a kan sanda, kai naka turawa kawai."

Ranar Litinin ta ƙarshen Nuwamba, Otso ya shiga ɗakin sauya kaya da safe ya tarar da riga ruwan ɗorawa a rataye a wurinsa. A atisaye jar riga ta sahun farko ce, ruwan ɗorawa kuwa ta sahu na huɗu, masu shiga minti shida ko bakwai a wasa don manya su huta. Jar rigarsa tana can jikin Eelis Poutanen, wani mai gudun tsiya da aka aro daga wata babbar ƙungiya wata guda da ya wuce. Kowa ya duƙufa kan igiyar takalminsa.

Rasmus ya zabura. Ya yi jifa da safar hannunsa ƙasa. "Tsohon nan ya haukace ne? Shekara tara fa! Bari in je in sami kocin."

Ya fita ya doko ƙofa. Bayan kamar minti goma ya dawo yana huci, ya zauna kusa da Otso. "Na yi, na yi, ya ƙi ji. Kai gare shi kamar dutse. Ka yi haƙuri, mutumina, sati biyu ne ka dawo."

Otso ya juyo gare shi. "Na gode," ya ce. Ya zura rigar.

Ɗan tsakiya na sahu na huɗu shi ne Ilpo Tervo, ɗan shekara talatin da bakwai, haƙoransa huɗu na gaba babu, in an tashi atisaye yakan shiga motarsa ya tafi gyaran famfo a gidajen mutane. Gefen dama kuma wani ƙaton ɗan Latviya ne, Raivis, wanda abin da ya iya a yaren ƙasar bai wuce sunayen abinci da zagi ba.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," in ji Ilpo, har da rusunawa. "Ka yi haƙuri da gidan namu. Ba mu san da zuwan babban baƙo ba, da mun yi shara."

Otso bai yi dariya ba.

Wasa huɗu ya yi da su, adadin ya kai goma sha biyar. Duk shigarsa sai ya zame zuwa wurinsa na hagu, ya ɗora sanda a kan ƙanƙara yana jira. Ilpo kuwa in ya sami faifai sai ya watsa shi can kusurwa, Raivis ya bi kamar bijimi. Da suka dawo benci a wasa na uku, Ilpo ya tambaye shi, "Wai wa kake jira a can?"

"Na buɗe, ba ka gani ba?"

"Na gani mana. In da na iya irin wannan fasin, kana jin da famfo zan riƙa gyarawa?"

A wannan tsakanin Rasmus da Poutanen suka ci shida. Rasmus bai fasa komai ba. Yakan ɗauko Otso da safe, ya kawo masa kofi, a hanya ya yi ta zagin koci: tsoho ne, bai san wasan zamani ba, ai kowa ya san sahun farko ba kai ba sahu ba ne. Otso kan ce masa ya bari, kada maganar ta kai kunnen mutumin ta shafe shi.

Ranar Alhamis bayan atisaye ya kasa daurewa, ya ƙwanƙwasa ƙofar ofishin koci. Reijo Palosuo yana zaune yana shan miyar wake daga kwanon roba, tabarau a kan hanci.

"Koci, so nake in san abin da zan yi in koma wurina."

Palosuo ya ajiye cokali. "Ka fara zuwa likita ya duba wuyan hannun nan."

"Wane hannu?"

"Na dama. Kada ka mai da ni yaro, Vehmanen."

"Wa ya ce hannuna na ciwo?"

Kocin ya dube shi ta saman tabarau, kuma ga alama mamakin gaske yake yi. "Kyaftin mana. Ya zo nan, ya zauna inda kake tsaye. Ya ce tun Oktoba da hannu ɗaya kake wasa, sahunsa ya gaji da ɗaukar kaya, a ba shi Poutanen. Ni niyyata in bar ka har Kirsimeti, don na san irinku, rana ɗaya kuke farkawa. Amma in ɗan tsakiya ya ce ba ya yi da na gefensa, me zan yi?" Ya ɗaga kafaɗa. "Na ɗauka kun gama magana tsakaninku."

"Yaushe ya zo?"

"Jumma'a, kafin in canza rigunan."

"Ranar Litinin fa? Da ya fito yana faɗa ya ce wurinka zai zo?"

"Litinin?" Palosuo ya ɗan yi tunani. "Ya leƙo. Ya tambayi ƙarfe nawa bas zai tashi ranar Laraba."

Otso ya tarar da Rasmus a wurin ajiye motoci yana kankare gilashin motarsa. Ƙarfe ɗaya da rabi ne na rana, amma haske ya riga ya fara dusashewa.

"Kai, ka ji sanyin nan? Shiga in sauke ka."

"Ƙarfe nawa bas ya tashi ranar Laraba?"

Hannun Rasmus ya tsaya a kan gilashi. Bai tambayi me ake nufi ba, wannan kuma ya fi komai yi wa Otso ciwo, don duk tsawon matakalar da ya sauko yana fatan a tambaye shi.

"Don kai na yi," in ji Rasmus a hankali. "Hannun nan lalacewa zai yi gaba ɗaya in ka ci gaba."

"Don ni ka ce a ba ka Poutanen?"

Rasmus ya koma kankare gilashinsa.

"Don ni ka yi jifa da safar hannu a gaban mutum ashirin? Har na gode na ce maka, Rasmus. Na gode."

Rasmus ya wurga abin kankarewar cikin mota. Fuskarsa ta yi jawur. "To, tunda kana son ji. Akwai masu neman 'yan wasa daga Suwizalan da ke kallona tun Satumba. Shekarata ashirin da tara, in suka tafi ba za su sake dawowa ba. Ka san sau nawa na ajiye maka shi a bakin raga ka zubar? Ashirin da uku. Zama na yi na kalli bidiyo na ƙirga. Ashirin da uku, Otso! Da ka ci rabi, da tuni na sa hannu."

"Suwizalan," in ji Otso. Wannan ma yau ya fara ji.

"Ai da zan gaya maka."

"Da ka ce mini, 'Otso, ka zame mini kaya.' A sauna, ko a motar nan da kake kawo mini kofi. Da ni da ƙafata zan je wurin koci."

"Ba za ka je ba. Na san ka."

Otso shi kansa bai san ko zai je ba, haushin hakan ya ƙaru a kan wanda yake ji. Ya juya ya kama hanyar gida a ƙasa, jakar kaya a kafaɗa, kilomita uku cikin dusar ƙanƙara. Motar Rasmus ta biyo shi a hankali har wajen gada, sannan ta wuce.

A gida Henriikka ta dawo daga makarantar da take koyarwa, tana bai wa 'yarsu Vilja abinci. Ya zauna ya kwashe komai ya faɗa mata, yana jiran ta taya shi zagin Rasmus. Ta goge wa yarinyar baki, ta sauke ta daga kujera, sannan ta juyo.

"Tun Oktoba."

"Eh."

"Kuma Rasmus ka gaya wa."

"To ai shi ne..."

"Na san ko shi wane ne. Ni wace ce?" Ba ta ɗaga murya ba. "Wata biyu ina kallonka kana buɗe ƙofa da hagu, kana ɗaukar Vilja da hagu. Kullum in ce a raina, in ya shirya zai faɗa mini. Ashe ka riga ka faɗa, ba ni ba ce dai."

Ita ce ta ɗauki waya ta nema masa ganin likita washegari.

Likita ya ce wata jijiya ce ta ɗan yage, sai an yi aiki bayan kakar wasa. Ya ba shi abin ɗaure hannu mai ƙarfe a ciki, ya ce zai iya wasa, amma harbi mai ƙarfi ya manta da shi. Manajan ƙungiya kuma, da takardar likita ta kai teburinsa, ya ce maganar sabon kwantiragi a jingine ta tukuna sai an ga yadda hannun zai kasance. Daga ranar Otso ya koma zuwa fili a bas. A ɗakin sauya kaya wurinsa na nan gefen na Rasmus, tazarar kamu biyu, suna ɗaure takalmi kafaɗa da kafaɗa ba mai ce wa wani uffan. Ba wanda ya tambaya, amma kowa ya sani.

Ilpo ne ya tare shi wata rana a shagon kofi na filin, Raivis na gefe yana fama da burodi da cuku.

"Zauna, ranka ya daɗe, mu yi maganar gaskiya. Kai yanzu ba ka iya harbi. Ni tun da aka haife ni ban iya fasin ba. Wancan kuma," ya nuna Raivis da haɓa, "ba abin da ya iya sai ture mutane." Raivis ya gyaɗa kai, baki cike. "To ka daina tsayawa can nesa kamar mai jiran budurwa. Je ka tsaya a hancin mai tsaron raga. Raivis ya ƙwato a kusurwa ya turo mini, ni in buga ƙasa-ƙasa cikin ƙafafu. Kai ka taɓa shi da sanda, ko da ƙafa, ko da gindi, duk abin da Allah ya hore maka."

"Can ne fa ake karya wa mutum baya."

"Sosai. Shekara goma sha takwas ina can. Ka ga bakina?" Ya washe masa giɓi.

Otso ya dube shi. A iya zamansa a ƙungiyar bai taɓa yin hira da mutumin nan ta minti biyar ba. "Me ya sa kake son taimakona?"

"Taimakonka? Bana zan ajiye sanda, yaro. So nake kafin in tafi a kira sunana a lasifika ko sau biyar ne, uwar 'ya'yana ta ji."

Suka fara tsayawa rabin awa bayan kowane atisaye. Ilpo ya jera faifai guda hamsin ya yi ta bugawa, Raivis ya tsaya bayan Otso yana dukansa da sanda a baya yadda masu tsaron baya za su yi, yana zagi da yarensu. Satin farko Otso bai taɓa ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Ƙwaurinsa da cinyoyinsa suka yi baƙi-baƙi. Henriikka takan ɗauko masa ƙanƙara daga firij ta ajiye a gefensa ba tare da ta ce komai ba, shi kuma ya koyi ce mata ga inda ke ciwo tun kafin ta tambaya. Aka ƙara wasa biyu, adadin ya kai goma sha bakwai.

Asabar ta farko a Janairu suka karɓi baƙuncin ƙungiyar Rautaniemi, wasan ƙarfe biyar. Biyu da biyu ake a zango na ƙarshe, saura minti shida, koci ya tura sahu na huɗu don sahun farko ya sha iska. Ilpo ya watsa faifai kusurwa. Raivis ya isa tare da mutum biyu, aka ji katanga ta yi ƙara, ya fito da shi da ƙafa ya turo baya. Otso yana tsaye a gaban raga, wani yana sassara masa baya da sanda, mai tsaron raga yana turo shi da safar hannu yana cewa, "Matsa, gurgu!" Bai ma ga lokacin da Ilpo ya buga ba. Ya dai ji abu ya doke shi a ƙwauri, aka hankaɗa shi ya faɗi rub da ciki, sannan ya ji ƙahon filin ya ɗauka.

Yana kwance Raivis ya faɗo masa a kai, Ilpo ya biyo yana ihu, "Da ƙafa! Ɗan banza, da ƙafa ka ci!" Mutum dubu biyu suna tsaye suna kiran sunansa. Otso ya ji hawaye na zubo masa cikin hular kwano, bai damu ya goge ba.

Suka bi ta gaban benci suna taɓa hannu da 'yan wasa, kamar yadda ake yi. Rasmus ne na farko a layi, ya miƙo safar hannunsa har da leƙowa ta saman katanga. Otso ya sauke nasa hannun ya wuce, ya fara daga na biyu. Ya ɗauka zai ji daɗin hakan. Da ya zauna sai ya ji bakinsa ya yi ɗaci, kuma duk sauran wasan bai kalli wancan gefen bencin ba.

Daga nan abin ya buɗe. Cikin wasa goma sha biyu ya ci takwas, ba ko ɗaya mai kyan gani: biyu da bakin sanda, ɗaya da gwiwa, sauran a cikin turmutsitsi bayan mai tsaron raga ya tare ya saki. Ilpo ya ji sunansa a lasifika sau bakwai. 'Yan kallo suka laƙaba musu "'yan famfo", har wasu suka fara zuwa da sifana ta kwali suna ɗagawa. Koci ya ƙara musu lokaci daga minti bakwai zuwa goma sha huɗu. Otso ya lura cewa yanzu a fili magana yake yi, yana kira ana kiransa, Ilpo na masa ihu ya matsa hagu, Raivis na faɗin abin da ba mai ganewa. Bai taɓa wasa da surutu haka ba.

A tsakiyar Fabrairu babbar ƙungiyar da ta ba da aron Poutanen ta kira abinta. Aka gwada mutum biyu a gefen Rasmus, ba wanda ya dace. Wasa biyar kyaftin bai ci ba, bai bayar an ci ba.

Ranar Lahadi da rana aka danna ƙararrawar gidan Otso. Rasmus ne, riƙe da 'yan ƙananan takalman ƙanƙara farare. Vilja ta ruga ta rungume masa ƙafa. Henriikka ta gaishe shi, ta ɗora kofi, ta ja yarinyar ɗaki wai za su gwada takalmin.

Suka zauna a kicin, tebur a tsakaninsu. Rasmus ya rame.

"Na yi kuskure," ya ce. "Ba yadda ya kamata in yi ba ke nan. Ko barcin kirki ba na yi."

Otso ya juya kofinsa. Wata biyu yana jiran wannan magana, kuma da ta zo sai ya ji zuciyarsa ta fara saki. Ya ga yaron da suka taso tare zaune a gabansa. Har ya buɗe baki.

"Na yi magana da koci," Rasmus ya ci gaba. "In ka yarda, gobe ka karɓi jar rigarka. Mutanen Suwizalan za su zo wasan Asabar, shi ne kallo na ƙarshe. Ni da kai, kamar da."

Otso ya ajiye kofin. "Da ba za su zo ranar Asabar ba, da ka zo yau?"

"Da zan zo mana."

"Yaushe?"

Rasmus ya kalli taga. Daga ɗaki ana jin Vilja tana ƙwas-ƙwas da takalmi a kan katako tana dariya.

"Sha kofinka," in ji Otso. "Ta gode da takalmi."

Da safe Palosuo ya tare shi a bakin ƙofa. "Kyaftin na son ka koma."

"Umarni ne, Koci, ko tambaya?"

"Tambaya."

"To ka bar ni da 'yan famfo."

Ranar Asabar baƙin suka zo, mutum biyu da dogayen riguna, suka zauna sama kusa da 'yan jarida. Saura minti ɗaya a tashi ana cin Hietakoski uku da biyu. Koci ya fitar da mai tsaron raga ya ƙara ɗan gaba, ya ce, "Kelloniemi tsakiya. Vehmanen, gaban raga, kada ka motsa daga can." Karo na farko ke nan tun Nuwamba da suka taka ƙanƙara tare.

Rasmus ya karɓi faifai ya shiga, ya ja mutum biyu zuwa dama, ya sake shi ta baya bai waiga ba. Fasin ne mai kyau, daidai inda ya saba ajiyewa. Ba kowa a wurin. Otso yana gaban raga ana dukansa a baya, ya hango faifan yana zamewa shi kaɗai har wani ɗan wasan abokan karawa ya ɗauka ya aika shi cikin ragar da ba mai tsaro. Huɗu da biyu. Masu dogayen riguna suka miƙe tun kafin ƙaho.

A ɗakin sauya kaya Rasmus ya zauna bai cire ko hula ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa yadda Otso kaɗai zai ji, "Ka rama."

"Ina inda koci ya ce in tsaya."

Gaskiya ce kuwa. Amma ya ga lokacin da Rasmus ya karkata dama, ya kuma san abin da zai biyo baya tun kafin sandar ta motsa. Ko da ya taso zai isa, ko ba zai isa ba, wannan ya yi ta juya shi a ransa har kakar ta ƙare bai sami amsa ba.

An fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. Otso ya gama kakar da ci goma sha huɗu, ƙungiya ta ba shi kwantiragin shekara ɗaya. Ilpo ya ajiye sanda, aka yi masa liyafa, ya yi kuka ya ce hayaƙin gasa tsire ne. Mutanen Suwizalan ba su sake kira ba. A watan Afrilu Rasmus ya sa hannu da wata ƙaramar ƙungiya a Ostiriya, ya tara mutane a bukkarsa ta bakin tafki don sallama. Henriikka ta kai Vilja. Otso, wanda aka yi wa aikin hannu sati guda kafin nan, ya zauna a gida.

Bayan kwana goma ya shiga kanti sayen madara, hannu a rataye a wuya, ya yi kiciɓis da mahaifiyar Rasmus a wajen kayan miya. Tsohuwar ta ajiye kwandonta ta kama masa fuska da hannu biyu, yadda take yi tun yana yaro.

"Otso, ɗana. Ban gan ka wurin sallama ba. Na yi wainar da kuke so, har na ajiye maka taka. Na tambayi Rasmus, ya ce in tambaye ka. Lafiya dai ko?"

Ya dubi idanunta. Ba ta san komai ba.

"Lafiya lau, Mama. Hannun ne ya hana ni, likita ya ce in kwanta."

"Ayya, sannu. To ka kira shi, ka ji? Shi kaɗai ne a can, bai san kowa ba."

"To, Mama."

Ya ɗaukar mata kwandon da hagu har wurin biya, ya raka ta mota, ya tsaya har ta fita titi. Sai da ya kai gida ya tuna bai sayi madarar ba.